Dawakin Teku a Ɗakin Inna

Zuwa ga ƴata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Lauya. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ce kawai ke yi mini tsiya da safe, in rana ta ɗaga sai ta saki. Gwaggonki ma lafiya, bakinta ya fi ko'ina lafiya.

Na san za ki ce ke nas ce, ba likita ba. Ni na haife ki, ni zan faɗi abin da kike.

Kin san kunnena da waya ba sa shiri, shi ya sa na ɗauki biro. Ban yi zaman ajin yamma da furfura a kaina don in riƙa cewa "iye? iye?" a waya ba. Jiya da kika kira, sai da Gwaggonki ta ajiye wayar ta maimaita mini da ƙarfi. Wai asibitinku ya zaɓe ki ki tafi ƙaro karatu na shekara guda, makarantar kwana ce, ba a zuwa da yara. Maigidanki kuma kullum yana kan hanya da babbar motarsa. Wai kina tunanin kawo mana Lauya ta zauna da mu.

Likita, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na fita ƙofar gida na gaya wa maƙwabcina Mai-faci, na gaya wa mai shago, har wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya sai da ya ji. Gwaggonki ta ce, "Yaya, cewa fa ta yi tana tunani." Na ce to ai tunanin nake taya ta.

Ta kuma gaya mini sharaɗin da Lauya ta kafa, cewa ba za ta zauna a gidan da babu dokin teku ba, irin wanda ta gani a littafin makarantarsu. Yarinyar nan tun tana tatata ba ta karɓar magana sai da sharaɗi, ai ba a banza na sa mata suna ba.

Yau da safe na je bayan babbar kasuwa, wurin wata mata mai sayar da kifayen ado. Ta kai ni can ƙarshen shagonta, na gan shi da idona. Tsawonsa bai wuce dogon yatsana na tsakiya ba. Kai na doki, wutsiya ta hawainiya. A tsaye yake iyo, a hankali, kamar dattijon da ba ya son rigarsa ta taɓa ƙasa. In ya gaji sai ya naɗe wutsiya a jikin reshe ya huta. Ido ɗaya yana kallona, ɗayan yana kallon abokin zamansa.

Na ce ta zuba mini biyu a leda. Ta ce, "Baba, a ina za ka sa su?" Na ce akwai baho a gida. Ta kalle ni ta ce, "Ko motarka ka ba ni ba zan sayar maka ba." Na ce ai ba ni da mota. Ta ce, "To ka ga ma an huta."

Ta ce sai da tankin gilashi mai tsayi, da ruwan gishiri irin na teku, da haƙuri. Na ce mata haƙuri za mu nema, amma gilashi kam ta faɗo gidansa, tun kafin a haife ta nake yanka shi ina sa wa mutane a taga.

Ki gaya wa Lauya Kakanta ya karɓi sharaɗi.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Direban motar hayar da ke zuwa garinku ya kawo mini wasiƙarka, na karanta na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Muna lafiya. Ka riƙa shafa maganin gwiwar nan, ba ajiye shi a kan taga ba. A gaishe mini da Gwaggo.

Baba, don Allah ka sassauta. Ban yanke shawara ba tukuna. Yayar maigidana ma ta ce a bar mata Lauya, kuma gidanta kusa yake da makarantar yarinyar da asibiti. Ka san asmar Lauya. Maganin shaƙarta kullum da safe ne, ba a tsallakewa, ko tana jin daɗi ko ba ta ji. Ƙura ba ta so, tsohon labule ba ta so.

Ba raina ka nake yi ba, amma na san ka. In abu ya shiga ranka, jiya kake so a yi shi. Ka tuna zomayen da ka sayo mini kafin ka yi musu keji? Suka kwana a kicin, suka cinye wa Inna tabarma, Allah ya jiƙanta. Da tattabarun da ka ce su ma mutane ne, a bar musu ƙofa a buɗe? Riƙon yarinya mai asma abu ne na yau da gobe da jibi, iri ɗaya, babu daɗi a ciki. Abin da nake aunawa ke nan.

Kar ka kashe kuɗinka a kan kifi. Yarinya ce, mako mai zuwa wani abin za ta ce tana so.

Ga ta nan ta ƙwace biron.

Kaka, ni ce. Mama ba ta faɗi daidai ba, ba zan canza ba. Biyu nake so, mace da namiji, don ɗaya zai yi kaɗaici. Kuma ba na roba ba, na san halinka. Kuma ni zan sa musu suna, kar ka riga ni.

Ƴarka, da Lauya.

*

Ƴata Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, maganin gwiwa ya sauko daga kan taga. Maganar zomaye kuwa, ai sun yi ƙiba, wannan ne ba ki faɗa ba.

Tanki ya haɗu! Na yanka gilashi mai kauri, na goge bakinsa har ba ya yankan yatsa. Na yi shi dogo sama, don Mai-kifi, matar shagon nan, ta ce su hawa da sauka suke yi, ba gudu ba. Na haɗa kusurwoyinsa da gam ɗin da nake sa wa tagogin banɗaki, mafi kyau a kasuwa, wanda fumfuna ba ta kama shi ko shekara nawa zai yi cikin laima. Na cika shi da ruwa na bar shi a tsakar gida, ko ɗigo bai zubar ba. Mai-faci ya zagaya shi sau biyu yana neman inda zai yi faci, ya rasa.

Sai maganar inda za a ajiye shi. Ba sa son zafi, ba sa son rana ta buge su. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan nan shi ne na Innarku. Na buɗe shi, na kwashe komai, na naɗe darduma, na sauke labule, Gwaggonki ta wanke ƙasa. Nan Lauya za ta kwana in Allah ya yarda. Tanki in ya cika ya fi ƙaton mutum nauyi, ba kowane tebur ke ɗaukarsa ba, sai na ga babu kamar teburin keken ɗinkin Innarku mai ƙafafun ƙarfe. Kan keken na kwance shi, mai gyaran keke na bakin titi ya zo ya tafi da shi. Na shimfiɗa katako mai ƙarfi a kai, tanki ya zauna daram.

Kayan nan suna da tsada, amma kar ki damu, na san yadda na yi. Akwai gishiri na musamman, ba irin na kicin ba. Na so in ɗebi na Gwaggonki, Mai-kifi ta ce in na yi haka in sa albasa ma. Akwai farin yashi, da duwatsu masu ramuka, da rassa da za su riƙe da wutsiya. Akwai ɗan inji mai tace ruwa, an rage masa ƙarfi, don in ruwa yana gudu sosai sai ya yi ta jifa da su. Na haɗa shi da batir saboda ɗaukewar wuta.

Yanzu kuma abin da ya fi wuya. Wai sai ruwan ya yi makonni yana zagayawa babu kowa a ciki, har waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su zauna a jikin duwatsun, su ne masu cinye ƙazantar ruwa. Kullum ina jefa ɗan abinci a tankin da babu kifi, in ɗebi ruwa a ƴar kwalba, in ɗiga magani, in duba launi. Gwaggonki tana tsayawa a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ya kiwon ruwa? Ya ƙoshi?" Jiya ta gaya wa baƙi cewa yayanta ya yi ritaya daga gilashi ya koma makiyayin ruwa.

Ki gaya wa Lauya ban sa wa kowa suna ba, babu ma wanda za a sa wa.

Mahaifinki.

*

Ƴata Likita,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da Lauya. Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na san aiki ne ya yi miki yawa. Gwaggonki ta ce da kika kira, gaisuwa kawai kika yi kika kashe. Allah ya sa lafiya.

Ni kuwa labarin da ke wurina ba mai daɗi ba ne, kuma gara ki ji shi daga bakina.

Da launin kwalba ya yi daidai, Mai-kifi ta ba ni katantanwa uku da ƴan jatan lande, ta ce su fara shiga, su ne masu share gida kafin masu gida su zo. Na sa su ina murna. Washegari jatan landen suka kwanta a gefe. Katantanwar suka saki gilashi suka faɗo kan yashi, ba su ƙara motsi ba. Na canza ruwa, na sayo wasu, su ma haka.

Mai-kifi ta rufe shagonta ta biyo ni gida. Ta duba gishiri, ta duba zafi, ta duba inji, komai daidai. Sai ta shafa kusurwar tanki da yatsa ta ce, "Baba, da me ka haɗa?" Na kawo mata kwalin gam ɗin ina taƙama. Ta nuna mini wani layi a jiki. Likita, na san layin nan. Ranar da na fara iya karanta shi da kaina, ba tare da na miƙa wa kowa ba, har daɗi na ji: yana kashe fumfuna. Ta ce, "To abin da ke kashe fumfunar shi ke tsatsowa cikin ruwa. Gam ɗin taga daban, na tanki daban." Abin da ya sa na zaɓe shi, shi ne ya kashe su.

Gyara ɗaya ne. A zubar da ruwa da yashi, a raba gilasan, a kankare gam ɗin tas, a sake haɗawa da wanda babu magani, a jira ya bushe, a sake kiwon ruwa daga farko. Na auna da ranar tafiyarki, na ga ba za mu kai ba.

Mai-faci ya ja ni gefe ya ce, "Mai-gilashi, kai fa ba ka da dabara. Bar tankinka yadda yake. Ranar da yarinya za ta zo, ka aiki wani ya sayo maka dawakin ka zuba. Za su ɗan kwana biyu. Kafin su mutu uwarta ta tafi, yarinya ta saba da ku. Sai ka ce mata sun koma teku ganin gida."

Ba zan ɓoye miki ba, na yi yini guda maganar tana yi mini daɗi. Sai na tuna wanda ya kalle ni da ido ɗaya a shago. Na kuma tuna wadda zan yi wa ƙaryar, wadda ko alewa ka ba ta sai ta tambayi ina takardarta. Da la'asar na ɗauki reza na raba tankin da hannuna.

Ga gilasai biyar nan jingine da bango. Kar ki gaya wa Lauya tukuna, ni zan san yadda zan faɗa mata.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Muna lafiya.

Wasiƙarka ta maganar ɗakin Inna ta daɗe da zuwa. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Baba, keken Inna? Ka ce mai gyara ya tafi da shi, ka ce ka san yadda ka yi da tsadar kaya. Na gane. Da ka gaya mini, da na aiko maka da ko nawa ne. A ƙarƙashin keken nan nake barci ina ƙarama, ƙafarta tana taka shi a gefen kaina. Da shi ta ɗinka mini rigar makaranta ta farko, da shi ta ɗinka wa Lauya zanen goyo tana cikin ciwon da ta rasu da shi. Ban taɓa roƙon komai daga kayanta ba, don na ɗauka yana nan inda yake. Ka sayar da shi saboda kifin da ko ganinsa ba a yi ba.

Abin da nake tsoro ke nan tun farko. In murna ta kama ka, ba ka ganin abin da ke gabanka.

Na gaya wa yayar maigidana ta shirya wa Lauya wuri. Ba don fushi ba ne, hankalina ne zai fi kwanciya. Za ta zo muku hutu in an samu dama. Ban gaya wa Lauya ba tukuna.

Ka yafe mini in na faɗi abin da bai kamata ba.

Ƴarka.

*

Ƴata, uwar Lauya,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na ba Gwaggonki. Ta ce, "Yaya, ka je makaranta ka koyo rubutu, ba ka koyo ƙarasa magana ba." Yau kam ban musa mata ba.

Ban sayar da keken Innarku ba. Wallahi ko hannuna za a ce in sayar ko shi, sai na tsaya tunani. Tun rasuwarta yake rufe, ya yi tsatsa, ƙafarsa ta ƙage. Kin ce Lauya ba ta son tsohon labule, shi ne Gwaggonki ta ce za ta ɗinka sabo mara nauyi wanda za a riƙa wankewa, in keken zai tashi. Na ba mai gyara ya wanke shi, ya sa masa mai, ya canza bel. Tsadar kaya kuwa, aikin tagogin wani sabon shago na karɓa, na ɓoye miki don kar ki yi mini faɗan hawa tsani da gwiwa.

Keken ya dawo. Kafinta ya yi masa tebur na katako, yana nan a ɗakin, gefen taga inda ta saba ajiye shi. Ranar da Gwaggonki ta fara taka shi ina tsakar gida. Na ji ƙarar, sai na kasa shiga, na kasa tafiya. Ga ƙyallen labulen nan na sa miki a cikin ambulan, ki duba ɗinkin. Har yanzu yana tsallake zare ɗaya can ba a rasa ba, kamar yadda yake yi mata tana yi masa faɗa.

Na lura ba ki ambaci mutuwar katantanwa ba, wataƙila wasiƙar ba ta iso ba. A taƙaice, na yi kuskuren gam, na rushe tanki, na sake haɗa shi da na kirki. Yanzu ruwa na zagayawa, amma ba zai nuna ba kafin tafiyarki. Ko da kin kawo ta, tanki wofi za ta tarar. Na kasa cika sharaɗinta, kuma ba zan sa rai a ruwan da bai shirya ba.

Saboda haka ban ce ki canza shawara ba. Ke ce uwa, ke kika san numfashin ƴarki. Yayar maigidanki mutuniyar kirki ce. Ni zan ci gaba da kiwon ruwana, in ya nuna in kawo dawakin, su jira ta har hutu. An ce suna shekaru in an kula da su. Ni ma zan yi ƙoƙari.

Wannan layin na Lauya ne, ki karanta mata. Lauya, Kaka ya faɗi a shari'a. Tanki yana nan, doki babu. Laifina ne, ba na kowa ba. Sunayen dai suna hannunki.

Mahaifinki.

*

Babana,

Ina gaishe ka da babbar murya, yadda za ka ji. Muna lafiya.

Wasiƙunka biyu tare suka zo. Motar direba ta daɗe a gareji, da ta aro yake aiki, wasiƙar farkon tana cikin aljihun tasa motar duk lokacin nan. Ya ba ni haƙuri har da cire hula.

Ƙyallen na fara gani. Na bi ɗinkin da yatsa har na kai inda ya tsallake. A ɗakin canza kaya na asibiti nake, sai da wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Baba, ka yafe mini. Na karanta layi ɗaya na gina gida a kansa.

Sannan na karanta wasiƙar rezar. Na san yadda kake da aikin hannunka. Na taɓa ganin ka ƙi cire tagar da ta karkace har maigidan ya yi fushi, don kawai kai ka sa ta. Mutumin da ya saya mini zomaye babu keji, yau shi ne ya yi makonni yana ciyar da ruwa, ya rushe, ya koma farko, kullum da safe da ƴar kwalbarsa.

Na karanta wa Lauya layinta, na kuma gaya mata maganar gidan gwaggonta, yayar babanta. Ta naɗe hannu ta ce, "Ni cewa na yi gidan da babu dokin teku. Gidan Gwaggo akwai?" Na ce babu. Ta ce, "Akwai tanki?" Na ce babu. Ta ce, "To wa ya fi kusa?" Ta ƙara da cewa gara ma da ba a kawo su ba, don in Kaka ne zai zaɓa, masu kama da shi zai ɗauko.

Na yi magana da maigidana, na ba yayarsa haƙuri, ta fahimta. Muna tafe ƙarshen wata. Zan nuna maka yadda ake maganin shaƙa, kai da Gwaggo, kuma sai kowannenku ya yi a gabana. Tsani kuwa, za mu yi maganarsa in na zo.

Ƴarka, Likita. Na karɓi sunan, na yau kawai.

*

Ƴata Likita,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya baƙunta? Muna lafiya ƙalau. Numfashin Lauya lafiya, tun tafiyarki sau ɗaya ta yi tari, shi ma dariya ce ta sarƙe ta. Gwiwa tana gaishe ki.

Kin ji isowar dawaki daga bakinta a waya, amma nawa bakin ba ki ji ba. Ita ta riƙa duba launin kwalba har ruwa ya nuna. Katantanwa suka shiga, suka hau gilashi, suka yi ta kiwo abinsu. Sannan muka je shago. Ta sa Mai-kifi a gaba da tambaya: a ina aka haife su, a teku aka kamo su ko a tanki aka haife su, suna cin abincin firji? Ta ce sai an ba su abinci a gabanta ta ga wanda ke ci. Mai-kifi ta ce mini, "Baba, da wannan ka turo tun farko, da ba mu sha wahala ba."

Ta zaɓi biyu. Macen rawaya ce, ta sa mata Likita. Namijin baƙi-baƙi ne mai tumbi, ta sa masa Kaka. Na ɗaukaka ƙara, aka kori ƙarar.

Ga tsarinmu na safe. Ita ta shaƙi maganinta, sannan su a narka musu ƴan jatan landensu. In ba ta shaƙa ba, ba a buɗe firji. Ita ta kafa dokar, ni ɗan sanda ne kawai. Suna cin abinci kamar masu jin kunya, sai sun daɗe suna kallon abu sannan su zuƙe shi, tsut.

Yanzu ga babban labari. Tumbin Kaka ya ƙaru. Na ɗauka ciwo ne, na ruga wurin Mai-kifi. Ta zo ta duba, ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce, "Baba, takwaranka ciki gare shi." Ashe su macen ce ke zuba ƙwai a wata jaka da ke cikin namijin, shi ya ɗauka, shi ya yi naƙuda. Gwaggonki ta ce, "Da haka aka yi ku, Yaya, da duniya ba ta cika ba." Mai-faci ya zo ya gani, ya juya ya koma wurin facinsa. Na riga na yanka gilashin ƙaramin tanki na ƴaƴa, da gam ɗin kirki, kuma Lauya ce ta karanta kwalin.

Amma akwai abin da zan gaya miki. Kwanakin nan yarinyar ta rage gardama. In na ce abu sai ta ce to. Kin san wannan ba lafiya ba ce. Ranar hutun mako da kike kira tana warwarewa, sauran ranaku sai ta zauna gaban tanki ta yi shiru.

Yau da safe ta kira ni ta ce in zauna in kalla. Da haske ya shigo ta sabon labule, macen ta saki reshenta ta nufi namijin. Launinsu ya ƙara haske, suka haɗa wutsiya, suka zagaya tare a hankali, sannan kowa ya koma wurinsa. Ta ce kullum haka suke yi, ta daɗe tana lura.

Ta ce, "Kaka, Mama ta sa ni a aljihunka ta tafi, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "Ita ma wannan haka ta yi masa. Amma ita kullum da safe sai ta zo ta gaishe shi. Ba ta cewa sai hutun mako."

Na nemi abin da zan kare ki da shi. Na ce karatu da yawa, ta ce gaisuwar ba ta da tsawo, ta auna, ko shayi bai huce ba suke gamawa. Likita, kin faɗi a shari'a, kamar yadda na faɗi.

Saboda haka ki kira da safe kafin ki shiga aji, ko sannu ce kawai. Wayar Gwaggonki tana kan teburin keke, kusa da tanki, mun sa ta a caji. Ni ba zan ji abin da kike cewa ba. Fuskar Lauya zan riƙa kallo.

Mahaifinki, mai ɗauke da ajiyarki.